Ra'ayinmu: Tsakanin Allura da Akushi

Wannan shafi ya saba da maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma ba mu ajiye ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a wannan fitowa mun ga ya dace mu ɗauko wata magana da ta shafi rai kai tsaye, wato halin da yara da matasa masu ciwon suga, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan allurar insulin, suke shiga game da abinci. Ba su da yawa a azuzuwanmu na Kankiya da Kusada, shi ya sa ake saurin mantawa da su, alhali wasunsu ɗalibanmu ne, wasu kuma 'ya'yan cikinmu ne. Matsayinmu a taƙaice shi ne: yaron da ya fara wasa da abincinsa ko da allurarsa wani nauyi ne ya danne shi, ba taurin kai ba, kuma sau da yawa malamin aji ne mutum na farko da zai iya lura kafin magana ta kai ga gadon asibiti.

Jama'a sun fi sanin ciwon suga na manya, wanda yakan zo bayan shekaru sun ja, kuma akan tarairaye shi da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi. Wanda ya fi kama yara daban ne, likitoci suna kiransa nau'i na ɗaya. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai suna fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin, shi kuwa shi ne mabuɗin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce da kanta take lalata ƙwayoyin da ke yin wannan sinadari. Shan alewa bai jawo shi ba, sakacin uwa bai jawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Daga ranar da ya bayyana, yaro zai riƙa yin allura kullum, sau biyu ko fiye, iyakar rayuwarsa. Allura tana jiran abinci, abinci yana jiran allura. Kamar mangala ce a bayan jaki: da zarar gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kayan duka ne za su zube.

Yana da kyau mu tuna yadda duniya take kafin a sami wannan allura. A wancan zamani babu abin da likitoci suke da shi sai yunwa. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, ya shahara da tsarin rage wa majiyyaci abinci har sai suga ya daina fita a fitsarinsa. Yara sukan ƙara 'yan watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu a duniya, amma ƙashi da fata. A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a birnin Toronto na Kanada, a watan Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson. A watan Agustan wannan shekara aka kai Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, wurin Banting. Tana gab da cika shekara 15, amma nauyinta kilo 20 ne kacal. Da aka fara yi mata allura aka sakar mata abinci, ta murmure, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981. Darasin a fili yake. An kawo insulin ne domin yaro ya ci ya ƙoshi ya girma. Duk abin da ya mayar da shi ga yunwa, ko ga tsoron akushi, ya mayar da shi baya da shekara ɗari.

To, ta ina igiyar da ta ɗaure abinci da allura take tsinkewa? Mun ga hanyoyi biyar.

Ta farko ita ce tsoron ƙiba. Idan babu insulin, suga yakan taru a jini har ya malale ta fitsari, jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, mutum ya rame. Idan aka fara allura sai jiki ya dawo. Yarinyar da ta fara zama budurwa tana ganin wannan a madubi, tana kuma ganin irin jikin da ake yabo a TikTok da Instagram, sai ta gano cewa rage allura yana rage nauyi ba tare da ta bar cin komai ba. A ƙasashen Turai ana kiran wannan hali diyabulimiya. Wani bincike da aka buga a 2000 a kan 'yan matan lardin Ontario na Kanada ya nuna cewa kashi 10 cikin 100 na masu nau'i na ɗaya suna da cutar rikicewar cin abinci, alhali a tsakanin tsararrakinsu marasa ciwon kashi 4 ne. Wani kuma da cibiyar ciwon suga ta Joslin da ke Boston ta fitar a 2008 ya bi mata 234 tsawon shekara 11. Kashi 30 cikin 100 sun ce suna rage allurarsu da gangan, kuma haɗarin mutuwa a tsakaninsu ya ninka na sauran fiye da sau 3. Waɗanda suka rasu a cikinsu, matsakaicin shekarunsu 45 ne, na sauran kuwa 58. Alƙaluman na ƙasashen nesa ne, amma ƙoda da ido da jijiyar ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina, kuma su ne suga yake fara ci. Kada kuma a ɗauka maza sun tsira. Samari ma suna faɗawa.

Ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma ta fi kusa da mu. A ƙasar Hausa har yanzu ana yi wa ramammiyar yarinya gori, ana tambayar ko ba a ba ta abinci a gidansu. Yarinyar da ciwo ya ramar da ita tana iya neman maganin ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, daga hannun ƙawa ko mai talla. Daga cikin abin da ake sha domin wannan buƙata akwai ƙwayar deksametazon, wadda take tayar da sugan jini sosai. Ga mai lafiya ma haɗari ce, balle ga mai ciwon suga.

Ta uku ita ce rashi. Daga waje ake shigo da insulin da tsinken gwajin jini, kuma tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur darajar naira ta faɗi, kowa ya san yadda farashin magani ya yi. Uban da ke Mawashi ko Rimaye ko Dudunni, bayan kuɗin kwalba akwai kuɗin mota zuwa Kankiya, wani lokacin har Katsina ko Kano. Yara suna da kunne. Yaron da ya ji iyayensa suna lissafi da dare zai iya yanke wa kansa hukunci: ya rage abin da yake zuƙa a sirinji, ko ya ƙi cin abincin rana domin, a tunaninsa, kwalbar ta daɗe. Abin da bai sani ba shi ne jiki yana buƙatar wani gwargwado na insulin dare da rana, ko an ci ko ba a ci ba. Akwai kuma wanda ake yi wa allurar safe ya fito makaranta ba tare da karin kumallo ba, domin babu a gidan. Wannan shi ne yaron da zai faɗi kafin a tashi tara.

Ta huɗu ita ce tsananin hani a gida, wanda ƙauna ce take jawo shi. Da zarar an ce suga, sai dangi da maƙwabta kowa ya zama likita: kada ya ci tuwo, kada ya ci shinkafa, kada ya sha fura, sai wake da alkama da acca da ganye, sai jiƙon shuwaka da na darbejiya. Alhali alkama da acca su ma hatsi ne, suna zama suga a jini, kuma babu wani ganye da yake maye gurbin insulin. Yaro mai girma yana buƙatar abinci mai ba da ƙarfi kamar kowane yaro. Abin da likita yake nema shi ne ƙima da lokaci: a san yawan abin da za a ci, a ci a kan kari, a daidaita shi da allura. Amma yaron da yake kallon ƙannensa suna cin tuwon dawa ana tura masa kwanon wake dare da rana, wata rana zai tsaya a bakin ƙofar makaranta ya sayi rake da alewa da ƙanƙara ya cinye a ɓoye. Daga nan sai nadama, sai tsoron gwaji, sai ƙirƙiro lambar ƙarya a faɗa wa uwa. Idan aka kama shi aka kira shi makwaɗaici, abin da ya koya shi ne ya ƙara iya ɓoyewa.

Ta biyar ita ce kunya. Akwai gidajen da suke rufe ciwon 'yarsu domin kada manema su gudu. Yarinyar da aka koya wa cewa ciwonta abin ɓoyo ne ba za ta fito da sirinji a ɗakin kwanan makaranta ko a gidan biki ba, gara ta tsallake. Haka kuma a watan Ramadan, matashi yakan ji nauyin a gan shi yana ci, sai ya ɗauki azumi ba tare da sanin kowa ba, ya kuma bar allura domin kada ya faɗi. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma malamanmu na addini ba su taɓa ɓoye wannan ba. Ko yaro zai iya azumi ko ba zai iya ba, magana ce ta likitansa tun kafin wata ya kama. Haka nan idan yarinya mai wannan ciwo ta yawaita azumin nafila tana kuma ramewa, ya kamata uwa ta zauna da ita, domin wani lokacin akwai abin da ke ƙarƙashi. Ga masu tsoron cewa ciwon zai tare wa 'yarsu gaba, muna tunatar da su Theresa May, wadda ta riƙe muƙamin firaministar Birtaniya daga 2016 zuwa 2019 tana yi wa kanta allurar insulin kullum. Ita ce ma, tare da ɗan majalisa George Howarth, ta jagoranci kwamitin da ya fitar da rahoto a kan wannan matsala ta abinci da allura a watan Janairun 2024.

Me ya kawo malami cikin wannan? Daga safe zuwa azahar yaro yana gabanmu. Mu ne muke ganin rigar makarantar da ta yi daidai a zangon farko ta koma lilo a zango na biyu. Mu ne ake neman izininmu a fita fitsari sau huɗu kafin a tashi tara. Mu ne muke ganin mai yawan zuwa randa, da mai gyangyaɗi a darasin farko, da wadda take rabar da abincinta kullum ta ce ta ƙoshi, da wanda ya fara matse ido yana kallon allo, da mai ƙoƙarin da makinsa ya zube ba dalili. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu bai isa a yanke hukunci ba, amma idan biyu ko uku suka haɗu a kan yaron da aka san yana allura, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai hali biyu na gaggawa da ya wajaba kowane malami ya iya bambance su. Na farko faɗuwar suga, wato ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Yakan zo da sauri: karkarwa, gumi, jiri, yunwa mai tsanani, ruɗewa, wani lokacin faɗa ko kuka ba dalili. Idan yaron yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi 3 na suga a ruwa a ba shi, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a sake, in ya dawo a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Mun san cewa a makarantunmu, musamman na 'yan mata, idan ɗaliba ta faɗi tana sambatu, abin da yake fara zuwa zukata shi ne iska. Addu'a ba ta hana ba da suga, ba ta kuma hana neman mota. A haɗa su, kada a jinkirta ɗaya domin ɗaya.

Na biyu shi ne abin da rashin allura yake haifarwa, kuma yakan taru ne cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. Jiki yakan koma ƙona kitse, wata guba da ake kira kiton ta taru a jini. Alamunsa su ne ƙishirwa marar yankewa, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da wani wari a baki kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Wannan ba ya jiran a tashi daga makaranta, ba ya jiran mahaifi ya dawo daga kasuwa. Asibiti ne kai tsaye, domin yana kashewa.

Sai maganar yadda za a tunkari yaron da ake zargin yana rage allura ko yana ɓoye cin abinci. A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tsawa a gaban aji, da bulala, da tsoratarwa da makanta ko yanke ƙafa, duk ba sa ƙara komai sai nisa. Yaron ya san haɗarin, wataƙila ya fi mu sani; abin da ya rasa shi ne wanda zai faɗa wa ba tare da an hukunta shi ba. A kira shi gefe, a tambaye shi abin da ya fi yi masa wuya a cikin wannan ciwo, a yi shiru a saurara. Idan mace ce, malama ta fi dacewa, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kada a yi masa alkawarin rufe maganar baki ɗaya, a dai yi masa alkawarin za a tsaya tare da shi lokacin da za a gaya wa iyaye. Kuma mu kiyaye harshenmu a kan jikin yara. Kalmar “kin yi ƙiba” ko “kin yi kyau da kika rame”, ko da wasa aka faɗe ta, tana iya zama dalilin tsallake allurar dare.

Malami ba ya ƙara allura, ba ya rage ta. Wannan aikin likita ne, kuma rikicewar cin abinci cuta ce da ta haɗa jiki da tunani, tana buƙatar likitan suga da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa su yi aiki tare. Wanda ya daɗe yana rage allura, a hankali ake mayar da shi ƙarƙashin kulawar asibiti. Iyaye su sani cewa a makonnin farko ƙafafu sukan kumbura, nauyi ya hau da sauri saboda ruwan da jiki ya riƙe. Abu ne mai wucewa, amma idan ba a gargaɗi yarinya tun farko ba, shi ne yake firgita ta ta sake dainawa.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, kowane shugaban makaranta ya san ɗalibansa masu allura, da yardar iyayensu, ya kuma sanar da malamin aji da malamin wasanni cikin sirri. Na biyu, a ba irin wannan yaro izini na dindindin ya ci abu a cikin aji, ya sha ruwa, ya fita bayan gida, ko da ana jarrabawa. Kada a haɗa shi da horon hana fita tara ko tsayuwar rana. Na uku, a ajiye ƙullin suga da cokali da kofi a ofishin kowace makaranta. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Na huɗu, a samar masa wuri mai sutura inda zai yi allura. Insulin ba ya son zafi, ba a kuma daskarar da shi, ga shi a bazara zafinmu yakan haura digiri 40. Inda babu firji, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malami Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi ƙwarai. A sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye tukunyar a inuwa mai iska.

Na biyar, muna roƙon sakatarorin ilimi na Kankiya da Kusada, tare da hukumar SUBEB, su shirya wa malamai bita ta yini ɗaya a kan wannan. Ba sai an ɗauko kowa daga nesa ba: ga Babban Asibitin Kankiya, ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya a cikin garin. Na shida, muna kira ga hukumar KATCHMA ta jiha ta tabbatar cewa insulin da sirinji da tsinken gwaji suna samuwa a asibitocin da ke kusa da jama'a, kuma yara masu wannan ciwo daga gidajen marasa ƙarfi su shiga cikin waɗanda ake ɗaukar wa nauyi, kamar yadda dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni. Muddin uba yana auna kwalba da kwanon hatsi, wa'azin “kada a tsallake allura” ba zai yi nisa ba. A namu ɓangaren, muna ba shugabannin reshe shawara su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, kuma a yi amfani da ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, wadda ita ce ranar haihuwar Banting, a yi wa ɗalibai bayani a taron safe ba tare da nuna kowa da yatsa ba.

Ga iyaye kuma, musamman iyalan 'yan ƙungiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku gaya wa makaranta. Ku bar yaro ya ci daga tukunyar gida tare da 'yan'uwansa bisa ƙimar da asibiti ya tsara, maimakon a ware masa kwano kamar baƙo. Idan lambar gwaji ta fito da yawa, ku ɗauke ta a matsayin labari da za a kai wa likita, kada ta zama shaidar laifi. Yaron da ake yi wa faɗa a kan lamba zai daina kawo ta gaskiya. Ku riƙa duba kwalba: idan wadda ta saba ƙarewa a kan lokaci ta fara daɗewa, ku tambaya cikin lumana. Idan kuma rashi ne, ku faɗa. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An ba mu amanar waɗannan yara ne domin su koyi karatu, amma sai da rai ake karatu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.